Madalla da Roba, Mai Sayar da Ruwa Har da Gyara

Butulci ba halin mutanen kirki ba ne, amma mun daɗe muna yi wa roba shi. Mai sarauta yana da maroƙansa, ɗan siyasa yana da mawaƙansa, ɗan dambe ma ana buga masa kalangu, amma wadda take shayar da mu daga asuba zuwa kwanciyar barci babu mai ce mata ko sannu. Alhali babu taron da ake yi ba da ita ba. Tana gidan suna, tana wurin ɗaurin aure, tana jibge a bakin zaure ranar zaman makoki. Da ita mai azumi yake buɗa baki a harabar masallaci, da ita majinyaci yake kora ƙwayar magani a gadon asibiti. Ta zo mana a leda, ta zo a gora, ta zo a jarka, ta hau saman bene ta zauna a baƙin tanki. To, Hajiya Roba, yau ranarki ce. Sannu da aiki.

Abin da ya fi cancanta a yaba miki shi ne sakin hannu. Randar kakanninmu marowaciya ce: ruwa ka zuba mata, ruwa za ka ɗebo da moɗa, in ta yi ƙoƙari ta ƙara maka sanyi da ɗan ƙamshin ƙasa. Ke kuwa 'yar kasuwa ce ta asali, wadda ta san ba a sallamar mai saye sai da gyara. Kuɗin ruwa kawai muke biya, sai ki gutsuro daga jikinki ki ƙara mana, ba mu roƙa ba, ba ki kuma yi mana gori ba. Kyautar ma a ɓoye kike yin ta, babu launi, sau da yawa babu ɗanɗano, mutum ya sha shekara ashirin yana karɓa bai san ana ba shi ba.

Je ka kowace unguwa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Da hantsi motar fiya-wata za ta tsaya a ƙofar shago, yara su sauke jaka bayan jaka su jera a kan siminti, wata kan wata har ta kai ƙirjin mutum. Cikin shago ya cika da kaya, firji babu wuta, saboda haka nan za su yini rana tana dukansu. Kafin la'asar ledar ta saki, ruwan ya yi ɗumi. Mai ƙishi ya zo ya miƙa kuɗi, ya goge ledar da gefen riga, ya ciji kusurwa da haƙori, ya tofar da guntun, ya zuƙe. Wannan abin da yake tsayawa a maƙogwaro, wanda kowa ya sani har mukan ce “ruwan nan ya yi warin leda”, shi ne ɗan abin da harshe ya iya kamawa daga cikin gyaran. A jikin leda da gora da yawa an rubuta cewa a ajiye su a wuri mai sanyi, nesa da rana. Da Turanci aka rubuta, da haruffan da sai mai lafiyar ido zai gani. Wannan ma aikin hankali ne. An yi gargaɗi, an fita haƙƙi, kuma an yi shi ta yadda hankalin kowa ba zai tashi ba.

Gorar ruwa ta 'yan gayu, wadda ake jera wa manyan baƙi a kan tebur, da robar da ake kira PET ake yin ta. In ka juya gindinta za ka ga lamba 1 a cikin ɗan zane mai kusurwa uku. Wajen sarrafa wannan roba ana amfani da wani sinadari dangin ƙarfe mai suna antimoni, kuma ragowarsa yana zama a jikinta. A 2008 Paul Westerhoff da abokan aikinsa a jami'ar jihar Arizona ta Amurka, wadda ita ma ƙasar hamada ce, sun auna ruwan gora iri tara. A ɗaki mai sanyi abin da ya tsiyayo cikin ruwan kaɗan ne ƙwarai, can ƙasa da ƙa'idar Amurka ta maikurogiram 6 a lita. Da suka ƙara zafi sai hannun Hajiya ya buɗe. A digiri 65, kwana 38 ya isa ruwan ya haura ƙa'idar. A digiri 85, kwana biyu ma bai cika ba. Masu binciken sun lura cewa cikin mota rufaffiya da ɗakin ajiya a lokacin bazara na iya kai wa digiri 65 a can wurinsu. Su ke nan da suke da wutar lantarki da ɗakunan ajiya masu sanyi. Mu da gorarmu take kwana a cikin kwantenar ƙarfe a bakin titi, ta yini a bayan tirela daga Legas zuwa Kano, ta ƙare a kan gilashin gaban mota, ai mu ne 'yan gata. Rabonmu ya fi na kowa tsoka.

Ba sinadari kaɗai kike bayarwa ba, har naman jikinki kike yankowa. A 2018 Sherri Mason ta jami'ar jihar New York da ke Fredonia ta gwada gorar ruwa 259, iri 11, da aka sayo daga ƙasashe tara, ciki har da Kenya da Indiya da Burazil. Kashi 93 cikin ɗari suna ɗauke da ɓurɓushin roba, a matsakaici ƙwaya 325 a kowace lita. Muna cewa ashe haka kike da alheri, sai ga masu bincike na jami'ar Columbia a Janairun 2024 da na'urar da ta fi waccan ido, suka ce an rage miki lada: a gorunan da suka gwada sun ƙirga kimanin ƙwaya 240,000 a lita ɗaya, kusan kashi 90 cikin ɗari ƙananan da suka yi ƙanƙantar da za su iya ratsa bangon hanji su shiga jini.

Kuma suna shiga. Baƙuwar kirki ba ta tsayawa a zaure. A 2021 likitoci a birnin Rum suka ba da rahoton samun ɓurɓushin roba a mabiyiyar mata masu haihuwa. A 2022 a Amsterdam aka same shi a jinin mutum 17 daga cikin 22 da aka gwada. A Maris na 2024 likitocin Italiya ƙarƙashin Raffaele Marfella suka fitar da sakamakon bibiyar majinyata 257 da aka yi wa aikin kankare kitsen da ya toshe jijiyar wuya. A cikin kitsen kashi 58 cikin ɗari nasu an sami foliyetilin, irin robar da ake yin ledar fiya-wata da jarka da ita. Bayan kusan shekara uku, waɗanda aka sami roba a jijiyarsu sun ninka sauran sau huɗu da rabi wajen haɗarin bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa. Masu binciken da kansu sun ce wannan alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar cewa robar ce ta jawo ba. Nan ne kuwa gwanintarki take, Hajiya. Ana ganin sawunki a jini, a mabiyiya, a jijiya, amma ba a taɓa kama ki da hannu dumu-dumu ba. Duk ranar da aka kawo ƙararki sai a ce a ƙara bincike, a ɗage shari'a, ke kuma ki koma bakin aikinki.

In ana zancen 'ya'yanki da suka yi suna, babu kamar bisfinol A, wanda duniya ta fi sani da BPA. Tarihinsa kaɗai ya isa a miƙe a yi miki tafi. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Rasha, Aleksandr Dianin, shi ya fara haɗa shi a 1891. A shekarun 1930 wani likita mai bincike a Landan, Charles Dodds, yana neman abin da zai yi aikin istirojin, wato sinadarin da jikin mace yake sarrafawa don tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Ya gwada BPA a kan ɓeraye, ya ga lalle yana kwaikwayon wannan aiki, sai dai bai kai ƙarfin da yake so ba, ya ajiye shi ya koma kan wani. To, dubi basira irin ta masu masana'antu. A 1953 masana a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano yadda ake yin wata roba mai ƙwari da haske da shi, polikabonet. Daga nan aka ƙera fidar jarirai da shi, aka ƙera gorar ruwa, aka shafe cikin gwangwanin abinci da danginsa. Abin da aka san tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu yana shiga jiki ya yi shigar sinadarin haihuwa, bai sami gurbi a kantin magani ba, inda sai likita ya rubuta ake bayarwa. Sai aka shigar da shi kicin, inda ba a tambayar kowa takarda.

Shekara arba'in da wani abu yana aikinsa cikin rufin asiri, sai wani ma'aikaci ya yi masa tonon silili ba da niyya ba. A 1998, a ɗakin binciken Patricia Hunt a jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, an wanke kejin ɓeraye da gorunan ruwansu da sabulu mai kaifi wanda ba shi ya kamata ba. Hunt tana nazarin ƙwayayen haihuwa na matan ɓeraye, sai ta ga a cikin lafiyayyun ɓerayen da ba a ba su komai ba, ƙwayayen da suka sami tangarɗa sun tashi daga kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari sun kai kashi 40. Da aka bi sawu, sai aka tarar sabulun ne ya cinye fuskar robar, BPA ya tsiyayo, ɓerayen suka sha. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gwada fitsarin mutum 2,517 a shekarun 2003 da 2004, ta same shi a kashi 93 cikin ɗari. A wani binciken Harvard da aka fitar a 2009 an ba ɗalibai 77 gorar polikabonet suka sha abin sha mai sanyi da ita mako ɗaya. BPA ɗin da ke fitsarinsu ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. Mai sanyi ke nan. A jami'ar Cincinnati, a 2008, an nuna cewa zuba tafasasshen ruwa a irin wannan gora yana ninka saurin fitarsa har sau 55.

Wani zai ce ai ɗan kaɗan ne, kuma jiki yana fitar da shi ta fitsari cikin yini. Gaskiya ne yana fita. Sai dai Hajiya ba ta bari a yi kewarta, kafin na safe ya fita na rana ya shigo. Kuma sinadaran da jiki yake aika saƙo da su, waɗanda likitoci ke kira homon, da ɗigo kaɗan suke aiki. Ɗigon nan ne yake gaya wa ɗan tayi yadda gaɓoɓinsa za su ginu, yake gaya wa yarinya lokacin balaga, yake gaya wa jiki yadda zai yi da sukari da kitse. Ɗan saƙon ƙarya ba ya bukatar ƙarfi, bukatarsa kawai ya iso a kan lokaci. Shi ya sa damuwar masana ta fi tsayawa a kan mai ciki da jariri.

A nan ya kamata a juyo da kirari kan hukumomin da ke auna mana lafiya, domin sun nuna wa duniya cewa “babu illa” magana ce mai tafiya da ƙafarta. A 2006 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce mutum zai iya ɗaukar maikurogiram 50 na BPA kullum a kan kowane kilo na nauyinsa, har ƙarshen rayuwa, lafiya lau. A 2015 ta ce a'a, 4 ne. A Afrilun 2023, bayan ta duba abin da yake yi wa garkuwar jiki, ta sauko da shi zuwa nanogiram 0.2, wato ta rage na 2015 sau 20,000. Daga 2006 zuwa 2023 an rage ma'aunin sau 250,000. Jaririn da aka haifa a 2006, aka shayar da shi da fida bisa tabbacin masana, yau saurayi ne. Babu wanda ya aika masa takardar ban haƙuri, kuma abin da ya sha ba ya amayuwa.

Kanada ta sanar da hana fidar polikabonet a 2008, ta saka BPA cikin jerin abubuwa masu guba a 2010. Tarayyar Turai ta hana irin wannan fida a 2011, Amurka a 2012, Faransa ta kore shi daga duk mazubin abinci a 2015. A Disambar 2024 Tarayyar Turai ta zartar da hana shi a kusan duk abin da yake taɓa abinci da abin sha, har da manyan gorunan na'urar sanyaya ruwa, ta ba kamfanoni wata 18 su sauya yawancin kayansu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa har yanzu tana kan cewa a yadda ake cin karo da shi a abinci babu illa, kuma hukumar auna haɗari ta Jamus ta ce sabon ma'aunin Turai ya yi tsauri da yawa. Madalla da wannan saɓani. Manya suna gardama a ɗakunan taro masu sanyi, mu kuma an bar mu mu ci gaba da sha har su daidaita. Kowane gwaji yana bukatar waɗanda za a gwada a kansu, ga mu kuma mun ba da kanmu ba ko sisi.

Da aka matsa wa kamfanoni, sai suka sake nuna hazaƙa. Suka cire BPA suka sa ƙannensa, bisfinol S da bisfinol F, suka manna takarda mai kyau a jikin gora cewa babu BPA a ciki, suka ƙara kuɗi. Maganar takardar gaskiya ce tsantsa. Sai dai gwaje-gwaje sun nuna ƙannen ma suna kwaikwayon istirojin kamar yayansu, kuma tun 2012 an sami bisfinol S a kashi 81 cikin ɗari na fitsarin da aka gwada daga Amurka da wasu ƙasashen Asiya bakwai. Ba za a ce kin rasa magada ba. Wani rahoto da masana suka fitar a 2024 ƙarƙashin jagorancin Martin Wagner na ƙasar Norway ya lissafa sinadarai fiye da 16,000 da ake samu a roba. Fiye da 4,200 an san suna da haɗari ga mutum ko muhalli. Fiye da 10,000 babu cikakken bayani a kan illarsu. Ɓarawon akuya ma sai an bincike shi kafin a sake shi. 'Ya'yanki kuwa an sake su cikin ruwan shan duniya tukuna, aka ce duk wanda yake da ƙorafi ya kawo hujja daga jikinsa.

Babbar gorar nan mai shuɗi-shuɗi da ake kifawa a kan na'urar sanyaya ruwa a banki, a ofis, a ɗakin jiran asibiti, a falon masu hali, yawancinta polikabonet ce, lambarta 7. Ita ce alamar mutum ya waye, ya fi ƙarfin ruwan rijiya. Dube ta da kyau in mai kawowa ya iso. An ɗaure su a bayan a-kori-kura babu rumfa, sun zaga gari tun safe. Ya sauko da ɗaya ya mirgina ta a ƙasa da ƙafa har bakin ƙofa. Jikinta duk karce, hasken da aka san ta da shi ya koma hazo, takardar kamfani ta kwaile an manna wata a kai. In ta ƙare za a mayar da ita a wanke, a sake cikawa, a sake shanya ta a bayan mota. Zafi da sabulu mai kaifi, abubuwa biyun da aka tabbatar suna sa ta saki abin da ke jikinta, su ne abincinta na kullum. Abin da Turai take sallama daga ofisoshinta, mu muna shimfiɗa masa ɗan ƙyalle mai ado a kai.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai jego. An gaya mata a asibiti ta kula da tsafta, kuma ta ji. Ta sayo fida a kasuwa, mai haske da hoton ɗan zomo a jiki, babu wata alama da za ta gaya mata da wace roba aka yi ta. Da tsakar dare yaro ya yi kuka, ta buɗe filas ta tsiyaya tafasasshen ruwa a ciki, ta girgiza ta zubar don ta kashe ƙwayoyin cuta, ta sake zuba wani mai zafin ta dama madara. Duk abin da ta yi, ƙauna ce ta sa ta yi shi. In fidar ta polikabonet ce, tsaftarta ce take buɗe wa gyaran ƙofa. Wane gwani ne in ba ke ba, Hajiya, zai iya mayar da kulawar uwa ta zama hanyar shiga cikin ɗanta?

Jarka kuma sai dai a yi mata addu'ar tsawon rai, don ba ta san ritaya ba. An yi ta ne don man gyaɗa, lita 25, rawaya. Ba ta da BPA, wannan a ba ta haƙƙinta. Amma daga mai ta koma fetur ko kalanzir ko wani abin da babu mai tunawa, daga nan ta hau kurar ɗan garuwa, ta shekara tana zaga unguwa a rana, cikinta ya yi gansakuka, bakinta a toshe da leda. A ƙauye abin ya fi haka armashi: gorar maganin feshi, da an gama aikin gona, sai a ɗauraye ta a ɗaura mata igiya, ta zama gorar ruwan yaro mai kiwo. Ba ma zubar da ke. Gorar lemo da aka tsinto bayan biki ita ake ɗura wa kunun zaki da zoɓo. Koko ana zuba shi a leda yana tururi, alale a leda ake dafa shi, tuwon biki a leda ake naɗe shi da zafinsa. Ledar da aka gama shan ruwanta da ita ake hura gawayi, uwar gida ta sunkuya tana fifita tana shaƙa, goyo a baya. Wadda ta tsira daga wuta ta toshe kwata ta tara wa sauro ruwa, ko ta ƙare a tumbin saniya, mahauci ya ciro ta a dunƙule.

Bari in sauke murya a nan, domin akwai wanda bai kamata gatse ya taɓa shi ba, shi ne mai sayen ledar. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin inda ta fi ɓarna. Uban da ya tsaya tsakanin rijiyar da ke maƙwabtaka da masai da ledar fiya-wata, ya zaɓi leda, daidai ya yi. Amai da gudawa suna kashe yaro cikin kwana biyu, gyaran roba kuwa bashi ne mai dogon zango. Ko randar da na yaba a baya, in kowa yana tsoma mata moɗa da hannu mai dauɗa, ita ma tana kisa. Ba kwaɗayi ne ya kai mu ga roba ba, famfo ne ya ƙafe. Gaba kura, baya sayaki.

Saboda haka babban kirarin na masu mulki ne, waɗanda suka share wa Hajiya fage. Kano tana da matatar ruwa a Challawa tun zamanin mulkin Turawa, ga Tamburawa, ga Watari, ga dam ɗin Tiga shaƙe da ruwa, amma akwai unguwanni a cikin birni da yaran da aka haifa a cikinsu suka yi aure ba su taɓa ganin famfon gidansu ya ɗiga ba. Ba ƙaramin jajircewa ba ne gwamnati bayan gwamnati ta riƙe famfo a bushe shekara da shekaru ba tare da gajiya ba. Da wannan ƙoƙari aka mayar da ruwan sha, wanda haƙƙi ne, ya koma haja ta rabin lita. Tun shekarun 1990 da ledar ta bazu, kowane ɗan kasuwa mai rijiyar burtsatse da injin liƙe leda ya zama hukumar ruwa mai zaman kanta. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna wadda aka kafa a 1993, tana ba da lamba, lambar kuma tana shaida ruwa ne a yadda ya bar masana'anta. Ba ta hawa mota ta bi shi, ba ta yini da shi a ƙofar shago. Tsakanin injin da ya liƙe ledar da haƙorin da ya fasa ta, rana ce kaɗai mai sa ido.

Duniya ma ta taya mu karrama ki. A Maris na 2022, a Nairobi, ƙasashe 175 suka amince za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa a kan gurɓatar roba. Aka zauna zama bayan zama. A Busan ta Koriya ta Kudu, a Disambar 2024, aka tashi baram-baram. A Jeniba, a Agustan 2025, aka sake watsewa hannu rabbana. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne batun taƙaita yawan robar da ake ƙerawa da batun sinadaran da ke cikinta, domin daga man fetur da iskar gas ake yin ki, kuma ƙasashen da suke da rijiyoyin ba su ga dalilin da zai sa a taɓa 'yarsu ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Don haka ina roƙon masu yawan tambaya su rufa wa Hajiya asiri. Kada wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin hana fidar polikabonet, tunda Turawa sun yi tun 2011, mu me ya yi mana zafi. Kada jami'o'inmu su sami kuɗin da za su ɗebo leda daga ƙofar shago a tsakiyar Afrilu su auna abin da ke ciki, su buga sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, domin tsohuwa za ta ji ta daina zuba koko a leda. Kada a tilasta wa masu rarraba ruwa su yi wa motocinsu rumfa, ko mai shago ya ja jakunkunan zuwa inuwa, ai rumfa kuɗi ce. Kada unguwar-zoma ta gaya wa mai jego cewa kofin silba da cokali, ko fidar gilashi, sun fi mata kwanciyar hankali. Kada wanda ke da abin tacewa da tukunya ya tafasa ruwansa ya zuba a tulu mai murfi da ɗan famfo, kada 'yan kasuwa su yi asara. Uwa uba, in masu neman ƙuri'a suka zo unguwa da motar fiya-wata suna rabawa kyauta, a karɓa a yi godiya, a ciji kusurwa a sha, kada kowa ya nuna musu bututun da ya yi tsatsa a bakin layi ya tambaye su yaushe ruwa zai zo.